Tambaya da Amsa: Ina 'yancin yake, tunda da aure labarin yake ƙarewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin adabin Ingilishi, kuma a wannan zangon mun karanta Pride and Prejudice na Jane Austen da Jane Eyre na Charlotte Brontë. Malamanmu suna yawan cewa jaruman waɗannan littattafai misali ne na mata masu ƙarfin hali da 'yancin kai, amma abin da ni na gani shi ne kowacce daga cikinsu ta ƙare da auren mai dukiya. Macen da rufin asirinta ya rataya a kan aljihun miji, ta yaya za a kira ta mai 'yanci? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, kuma tambayar ta cancanci a tsaya a kanta. Sai dai ina so kafin ki dubi auren da aka ɗaura a shafin ƙarshe, ki fara duban auren da waɗannan mata suka ƙi a tsakiyar labari, sannan ki auna abin da ƙin yake jawo wa mace a Ingila ta wancan zamani.

A dokar Ingila ta lokacin, kamar yadda masanin shari'a William Blackstone ya bayyana a shekarar 1765, miji da mata mutum ɗaya ne a idon shari'a, kuma mijin ne yake riƙe da ikon. Kuɗin da mace ta shigo da su gidan aure da ladan aikin da ta yi da hannunta duk na miji ne, in ban da 'ya'yan masu hali waɗanda iyayensu kan rubuta yarjejeniya ta musamman don kare wani kaso. Sai a 1870 majalisar dokoki ta yarda matar aure ta mallaki abin da ta samu da guminta, sai kuma a 1882 ta ba ta cikakken iko a kan dukiyarta. Kafin 1857 raba aure sai da amincewar majalisa, abin da ya gagari kowa in ba attajirai ba, kuma 'ya'ya na uba ne, har sai da gwagwarmayar marubuciya Caroline Norton ta kai ga dokar 1839 wadda ta bai wa uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara 7 ba. Ƙofofin ilimi ma a rufe suke, domin sai a 1878 Jami'ar Landan ta fara yarda ta ba mata digiri.

Da wannan a zuciya, ki koma ga Elizabeth Bennet, jarumar Pride and Prejudice, littafin da ya fito a 1813. Mahaifinta yana samun fam 2,000 a shekara, amma sharaɗin gado ya tanadi cewa gidan da gonakin namiji ne kaɗai zai gaje su, shi kuwa 'ya'yansa biyar duk mata ne. Magajin shi ne Mista Collins, limamin coci, kuma a ranar da ya nemi aurenta bai ji nauyin tuna mata cewa fam 1,000 kacal za ta samu ba, shi ma sai bayan rasuwar mahaifiyarta. Amsar da za ta tabbatar wa uwarta da 'yan uwanta matsuguni tana bakinta, duk da haka ta ƙi, ko da yake uwar ta yi barazanar ba za ta ƙara ganinta ba. Austen ba ta ɓoye mana ɗaya hanyar ba: ƙawar Elizabeth, Charlotte Lucas, mai shekara 27, ta karɓi Collins cikin 'yan kwanaki, da cikakken sanin cewa gida take nema. Bayan haka Elizabeth ta ƙi Darcy, mai fam 10,000 a shekara, saboda ya nemi aurenta yana kushe danginta. Sai da ya gyara halinsa, ita ma ta gane inda ta yi masa mummunan zato, sannan ta amince. Marubuciyar kanta ta san nauyin wannan zaɓi, domin a Disambar 1802 ta karɓi tayin auren wani magajin babban gida, washegari ta janye, kuma har ta rasu a 1817 ba ta yi aure ba.

Lamarin Jane Eyre, wanda aka buga a 1847, ya fi tsanani, kuma a nan ne nake ganin ya kamata ki daɗe. Jane marainiya ce, malamar gida mai albashin fam 30 a shekara. Tun lokacin baikonta da Rochester, maigidan da take wa aiki, ta nuna ƙyamar tufafin alharini da kayan ado da yake so ya lulluɓe ta da su, ta ce za ta ci gaba da koyar da yarinyar gidan ta sayi suturarta da albashinta. Da asiri ya tonu a coci cewa yana da mata a raye, sai ya roƙe ta su tafi kudancin Faransa su zauna kamar ma'aurata, kuma hujjar da ta fi ƙarfi a zuciyarta ita ce ba ta da dangin da abin zai kunyata. Ta fice da asuba da sule 20, ta ba mai keken doki dukansu, ta kwana a daji, har ta kai ga roƙon ragowar abincin da za a zuba wa alade. Daga baya ta ƙi St John Rivers, wanda yake son ta bi shi Indiya aikin mishan a matsayin matarsa alhali ba ya ƙaunarta. Macen da ba ta da uba, amma ta ƙi sayar da mutuncinta ga wanda take so a lokacin da ba ta da sisi, daga baya kuma ga wanda take girmamawa, ni a wajena ta cika mai ƙarfi.

Amma ba zan hana ki gaskiyarki ba. Kafin Brontë ta mayar da Jane wurin Rochester sai da ta sauko mata da gadon fam 20,000 daga wani kawu a tsibirin Madeira, wanda ta raba huɗu da 'yan uwanta, sannan ta sa gobara ta cinye gidan Rochester, ta raba shi da ganinsa da hannu guda. Wato marubuciyar ta san cewa daidaito tsakanin miji da mata a wannan al'umma ba zai yiwu ba sai mace tana da kuɗin kanta, kuma ba ta ga hanyar da aikin koyarwa zai kai Jane can ba. Akwai kuma wadda ake yawan mantawa da ita, wato Bertha Mason, matar farko da aka auro daga Jamaika saboda fam 30,000, aka kulle ta shekaru da dama a saman bene da sunan taɓin hankali. Farin cikin Jane bai samu ba sai bayan mutuwar wannan baiwar Allah, kuma littafin bai ba ta bakin faɗin nata labarin ba. Wannan yana damuna duk lokacin da na karanta shi, kuma shi ne giɓin da Jean Rhys ta cike a 1966 da littafinta Wide Sargasso Sea.

Idan kina neman littafin da ya fi kusa da abin da kike nufi da 'yancin kai, ki nemi The Tenant of Wildfell Hall na Anne Brontë, ƙanwar Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1848 da sunan aro na Acton Bell. Jarumarsa Helen ta auri mashayi mai cin amana, kuma da ta ga yana koya wa ƙaramin ɗansu shan giya da zagi, sai ta ƙudura guduwa. Mijin ya gano shirin a littafin da take rubuta sirrinta, ya sa aka ƙona kayan zanenta, ya ƙwace kuɗinta da kayan adonta, kuma doka tana bayansa a duk wannan. Duk da haka ta tsere da yaron, ta sauya suna, ta riƙa sayar da zane tana ciyar da kansu, alhali a shari'ance yaron da kuɗin zanen duk na mijin ne. Ita ma ta sake aure a ƙarshe, bayan rasuwar mijin, sai dai a wannan karon ita ce mai dukiyar, wanda ta zaɓa kuwa manomi ne da bai kai ta arziki ba, kuma da ya kasa furta maganar saboda ganin tazarar da ke tsakaninsu, ita ce ta buɗe masa ƙofa. Masu sharhi da dama na lokacin sun soki littafin da rashin kunya, har yayarta Charlotte ba ta so a sake buga shi ba bayan rasuwar Anne a 1849, abin da ya sa ya daɗe bai samu masu karatun da ya cancanta ba. Ki karanta shi tare da Jane Eyre, ki kai kwatancin aji, domin zai ba ki hujja mai ƙarfi a muhawararki da malamanki.