Raba igiya mai zuwa da wadda ta dawo a OpenFOAM

Ka tambaya me ya sa tsayin igiyar ruwa yake sauyawa a OpenFOAM, manhajar kwamfuta mai kwaikwayon motsin ruwa, duk inda ka matsar da ma'auni, wato wurin da kake auna tsayin ruwan. Dalilin shi ne ma'auni ɗaya yana karanta igiya mai zuwa haɗe da wadda ta bugi bango ta dawo, ba ya iya raba su.

Sanya ma'auni uku a jere, ka yi amfani da hanyar lissafi ta Mansard da Funke ta 1980 wajen raba igiyoyin biyu. Biyu ma sukan wadatar bisa hanyar Goda da Suzuki ta 1976, amma tazararsu ta tsaya tsakanin 0.05 da 0.45 na tsawon igiya, wato nisan da ke tsakanin ƙololuwar igiya da ta gaba. Idan ta kai rabin tsawon, lissafin rugujewa yake yi. Ka nesanta su daga bangon da akalla tsawon igiya ɗaya.

Wajen gano saman ruwa, tara ƙimar alpha daga ƙasa zuwa sama a layin ma'aunin. Alpha ita ce kason ruwan da ke cikin kowace ƙwaya ta raga, wato ƙananan gidajen da manhajar ta rarraba wurin a cikinsu. Sakamakon wannan ya fi na neman inda alpha take 0.5 santsi.

Watsar da awon igiyoyin farko kafin igiyar ta daidaita. In tsayin yana raguwa a hanya, ragarka ce ta yi gwari-gwari, sai ka ƙara mata ƙwayoyi daidai saman ruwan.