Amsa ga mai son sa wa tsohuwar jitar Hawai ƙafafu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ka samu tsohuwar jitar nan ta kwance, wadda ake ɗorawa a cinya ana goga mata ƙarfe, ƙirar Supro mai tsirkiya shida ta shekarun 1950. Kana so ka riƙa kaɗa ta a tsaye tare da sauran makaɗa, kafinta kuma ya ce a kawo ya huda bayanta ya ɗaura mata ƙafafu uku. Shawarata ita ce kada ka yarda a huda ta. Ƙafafu kam za ka samu, amma a jikin wani katako daban za a ɗaura su, jitar ta zauna a kai. Na daɗe ina gyaran kayan kiɗa, irinta sun sha biyowa ta hannuna, kuma waɗanda aka riga aka huda su ne suka fi ba ni wahala.

Kafin komai, kifa ta a kan bargo ka duba bayanta. Idan ka ga wasu ƙarafa masu zagaye da rami a tsakiya an nutsa su cikin katakon, to mazaunin ƙafa ne daga kamfani, aikinka ya zo da sauƙi, ƙafafun kawai za ka nema. Idan kuwa bayan sumul yake, sai ƙyallen da aka manna don kada ta zame daga cinya, to masu ƙirar ba su yi ta don tsayuwa ba. Yawancin ƙananan jitocin da kamfanin Valco na Chicago ya yi, da sunan Supro ko National ko Oahu, haka suke.

Tun asali a cinya ake kaɗa ta, tun zamanin Joseph Kekuku, wanda ake cewa shi ya ƙirƙiro salon, a tsibiran Hawai a ƙarshen ƙarni na 19. Ƙafafu sun zo ne lokacin da makaɗan Amurka suka fara neman wuya biyu ko uku a jita guda, kowane da nasa saitin tsirkiya, nauyin ya fi ƙarfin cinya. Kamfanin Gibson ya fitar da Console Grande a 1938, kamfanin Fender ya zo da Stringmaster a 1953, wadda ake yi har mai wuya huɗu. Waɗannan an ba su jiki mai kauri da faɗi, an bar wa mazaunin ƙafa wurinsa tun a zane. Taka kuwa siririya ce, kaurinta bai kai inci biyu ba, kuma a ɓangaren da ya fi faɗi, inda kafinta zai so ya sa ƙafa biyu, nan aka rarake aka sa maganaɗisun ɗaukar sauti da maɓallan murya da wayoyinsu. Naman katakon da ya rage a wurin kaɗan ne. Sukuru ya ɗara tsawo da rabin inci, sai ka ji shi cikin waya.

An taɓa kawo mini wata da aka yi wa wannan aikin. Sukuru huɗu aka ɗaura a layi ɗaya bisa jijiyar katakon. Da hunturu ya shigo katako ya bushe, sai tsaga ta taso daga ramin farko ta bi layin har ta isa mazaunin jak, wato ramin da ake soka kan waya. Farar rigar nan mai ƙyalli da aka lulluɓe jikin da ita ta ɗago a bakin kowane rami, ta nannaɗe kamar busasshen ganye. Da na cire murfin maganaɗisun, sai ga garin ƙarfe baƙi ƙirin ya manne a gefensa, na bakin injin huda da na sukurun da aka yanke a kusa da ita, shi ne ke sa ta ƙaiƙayin sauti idan an taɓa tsirkiyar ƙasa. Na cusa gam a tsagar na matse, ta kama. Rigar ce ba ta da magani. Selulod ce, wato filastik irin na da, tana tsukewa da shekaru, ba ta son zafi, tana kuma kama wuta da wuri, don haka ko kusa da mai walda kada ka ajiye ta. Ga maganar daraja: Valco ta rufe tun 1968, ba a ƙara yin ta asali. Duk mai sayen tsofaffin jita bayanta yake fara juyawa, ya ga ramin da ba na kamfani ba ya rage kuɗi, kuma da gaskiyarsa.

Idan akwai mai jitar Rickenbacker baƙa a cikin masu karanta wannan, irin wadda aka fara yi a 1935 da bakelait, wani filastik mai tauri, shi ma ya ji: wannan ba ta tsagewa a hankali irin na katako, fashewa take yi gaba ɗaya.

Ga yadda nake yi. Ka nemi filawud mai kyau mai kaurin inci uku bisa huɗu, ko falankin maɗaci da ya bushe sosai. Kada ka karɓi ɗanye, zai murɗe maka kafin damina ta zagayo. Ka shimfiɗa takarda ka ɗora jitar ka zana siffarta da fensir, takardar za ka kai wa kafinta, jitar ta zauna a gida. A yanka katakon ya fi ta faɗi da kamar inci biyu ta kowane gefe, domin faɗin nan shi ke ba ƙafafu wurin buɗewa. Sai a kafa ƙananan guntayen katako a gefe-gefe su tare ta: biyu a ƙugu, ɗaya a gindi, biyu a inda wuya ya fara. Tsayinsu kada ya wuce rabin kaurin jitar, in ba haka ba za su riƙa bugun hannunka na hagu idan ka karkata ƙarfen. Ka tuna da jak. A yi masa yanka a gefen katakon yadda kan waya zai shiga ya fita ba tare da an ɗaga jitar ba. Ƙarami ne a ido, amma shi aka fi mantawa, sai ranar wasa a tarar waya ba ta shiga.

Abin da za ka shimfiɗa tsakaninta da katakon yana da muhimmanci fiye da yadda mutane ke zato. Ka sa ƙyallen auduga mai kauri ko na ulu. Kada ka sa roba, ko ledar kujera, ko tabarmar nan mai ƙuraje da ake sawa a gaban mota don waya kada ta zame. Fentin jitocin wancan zamani na naitiro ne, idan ya daɗe manne da roba narkewa yake yi, ka ɗaga ka tarar da zanen robar ya zauna a jikinta har abada. Wannan ya shafi mai ɗora ta a kan ƙafar fiyano mai siffar almakashi ma, domin hannuwanta roba ce. Ƙafar fiyanon ba laifi a matsayin mafita ta wucin gadi, in ka ɗora falanki a kai ka shimfiɗa tawul. Illarta ita ce idan ka zauna, giciyen ƙarfen na tokare gwiwa, kuma masu sirara suna rawa.

Sai ƙafafun kansu. Mafi kyau su ne na ainihi da ake yi wa jitar feda, wato jitar kwance mai ƙafafu da fedojin takawa, masu shiga cikin juna, da abin murɗawa a tsakiya irin na sandar makirfo, ka ɗaga ko ka sauke yadda kake so. Ana sayar da su tare da mazauninsu. Ka sayi duka biyun a wuri ɗaya, saboda tiredi, wato zaren da aka yanka a ƙarfe don ɗaurawa. Na Amurka da inci ake yanka shi, yawanci rabin inci mai zare 13 a kowane inci, noti na kasuwarmu kuwa galibi na milimita ne. M12 ya yi kama da shi ƙwarai, zai shiga zagaye biyu ko uku, daga nan ya cije, in aka matsa masa da ƙarfi ya cinye tiredin. Na sandar makirfo shi ma daban ne, biyar bisa takwas na inci mai zare 27, don haka kada ka ɗauka za ka kwance sanduna ka ɗaura kai tsaye. Idan na waje sun yi maka tsada, mai injin yanka tiredi zai iya yi maka mazauni da bakin ƙafa da suka dace da juna, a yi da bututu mai ɗan kauri. Mazaunin a ɗaure shi da noti mai ratsa katakon, da wosha, kan notin a nutse yadda ba zai taɓa bayan jitar ba. Sukuru kaɗai yana sakin jiki idan ana yawan kwancewa da ɗaurawa.

Uku ko huɗu? An yi ta gardama a kan wannan. Uku ba sa gurgunta ko ƙasa ba daidai take ba, kuma filin biki da wuya ka same shi a miƙe. Fender ma ta yi ƙananan jitocinta da uku. Amma a tsaye, ƙafafu sun miƙe har kusan ƙugu, jitar kuma ba nauyi, wani ya taka waya ko ya jingina a kusurwar da ba ƙafa, ta tafi. Ni huɗu nake zaɓa ga mai tsayuwa, tun da masu ɗagawa ne, in ɗaya ta gaza taɓa ƙasa sai ka ƙara mata tsawo. Kuma su buɗe waje kaɗan, kamar digiri goma, kada su sauka a miƙe sak. In mazaunin da ka samu miƙaƙƙe ne, a sa masa ɗan katako mai gangare a ƙarƙashi. Ƙasan ƙafafun a sa musu takalmin roba, a nan roba ba ta da laifi.

Tsayi kuwa jikinka zai faɗa maka. A tsaye, ka saki kafaɗa ka lanƙwasa gwiwar hannu, tsirkiya ta zo ƙasa da gwiwar hannun kaɗan, yadda wuyan hannunka ba zai karye ba. A zaune, in kana amfani da fedar murya, wadda ake takawa a ƙara ko a rage sauti, ka ɗora ƙafa a kanta tukuna kafin ka auna, domin tana ɗaga gwiwa.

Za ka ji sautin ya ɗan canza, ya ƙara buɗewa, domin cinya tana shanye kaɗawar jiki, katako kuwa yana mayar da ita. Hannunka ma zai ɗauki kwanaki kafin ya saba, saboda a cinya kana ganin layukan wuyan daga sama, a tsaye kuwa kusurwar ido ta sauya, sai ka riƙa ajiye ƙarfen gaba ko baya da layi. Ka bi kunne har ido ya daidaita. Ka turo hoton bayanta da na gefen da jak yake, da awon faɗinta a gindi, in gaya maka inda za a kafa guntayen da za su tare ta.