Houston ko Minneapolis? Amsa ga ƙanina mai shirin tasowa Amurka

Ƙanina, saƙonka ya iso. Na yi murna da jin asibitoci biyu sun ba ka aikin jinya, ɗaya a Minneapolis, ɗaya a Houston. Allah ya sanya albarka. Ka ce ranka ya fi kwanta wa Houston saboda abu biyu: an ce maka a jihar Texas, inda Houston take, ba a biyan haraji, kuma zafin garin irin na Kano ne, don haka matarka da yaran biyu ba za su wahala ba. To, ka faɗo hannun wanda ya sani, domin shekara shida na yi a Minneapolis kafin na kwaso iyali muka dawo Houston a 2016, kuma maganganun nan biyu su suka ɗauko ni.

Bari mu fara da harajin. Gaskiya ne jihar Texas ba ta yankar komai daga albashi, har ma sun sa haramcin a tsarin mulkin jihar a 2019. Amma gwamnatin tarayya tana nan, duk jihar da ka shiga sai ta ɗauki nata, sannan a cire kashi 7.65 cikin 100 na kuɗin fansho da lafiyar tsofaffi. Abin da za ka tsira da shi kawai harajin jiha ne. A Minnesota, jihar da Minneapolis take, yana farawa daga kashi 5.35 ya hau zuwa 9.85, amma wannan na saman na manyan masu kuɗi ne, ba irinmu ba. Na zauna na yi maka lissafi: magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, in albashinsa dala 80,000 ne, bayan an cire rangwamen iyali, abin da Minnesota za ta karɓa a hannunsa bai kai dala 3,000 a shekara ba. Kuɗi ne, ban raina ba. Sai dai ba shi ne tarin dukiyar da ake kwatanta maka a waya ba.

Kuma Texas ba sadaka take gina makarantu da tituna ba. Abin da ta bari a ƙofar gaba, ta baya take zagayowa ta karɓa. Harajin gida a nan yana cikin mafiya tsada a Amurka. A kewayen Houston yakan kai kashi 2 cikin 100 na darajar gidan duk shekara, a sababbin unguwannin bayan gari ma ya wuce haka, ga shi na Minnesota bai cika nisa da kashi 1 ba. Ranar da takardar harajin gidana ta farko ta zo, sai da na karanta sau uku, na zaci kuskure aka yi. Kada ka ce ai kai haya za ka kama. Mai gidan a cikin kuɗin hayar yake zuba nasa. Kayan da ka saya a kanti a Houston kuwa, ana ɗora kashi 8.25, har da tufafi, alhali a Minnesota ba a biyan haraji kan sutura. Ga inshorar gida da ta mota, ga titunan da sai ka biya ka bi. Houston gari ne mai faɗi, in babu mota kamar an ɗaure ka ne, kuma da wuya ku zauna da mota ɗaya in matarka ta fara fita.

Sai batun yanayi, inda na fi jin haushin kaina. Zafin Kano busasshe ne: ka shiga inuwar darbejiya, ka sha ruwan randa, ka dawo hayyacinka. Na Houston zafin bakin teku ne, mai gumi da danshi, ya fi kama da na Legas ko Fatakwal. Daga Yuni zuwa Satumba na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa dare da rana, kuɗin wuta ya riƙa hawa. Shekarata ɗaya da zuwa, a Agustan 2017, guguwar Harvey ta sauka. Cikin kwana huɗu aka zuba ruwan da ya fi na damina guda a Kano, motoci suna iyo a tituna. A Fabrairun 2021, ni da na gudo wa sanyi, sanyin ya biyo ni har gida: wuta ta ɗauke, bututan ruwa suka daskare suka fashe, muka kwana cikin barguna a falo da yara. Hukumar lafiyar jihar ta ce mutum 246 suka rasu. A Yulin 2024 guguwar Beryl ta sake yanke wa gidaje da shaguna sama da miliyan 2 wuta ana tsakiyar zafi. Kai, na tsallake teku na zo na sayi janareta a Amurka!

Ba wai ina wanke Minnesota ba ne. Sanyinta ba wasa ba ne: a Janairun 2019 ma'auni ya sauka har digiri 33 ƙasa da sifili a Minneapolis. A Disamba ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu, kuma wannan duhun ya fi sanyin cin rai, musamman ga macen da ke zaune a gida ba ta san kowa ba. Bambancin shi ne su sun shirya wa bala'insu. Gidajen na riƙe ɗumi, motocin share dusar ƙanƙara suna fitowa tun asuba, yara su tafi makaranta kamar ba a yi komai ba.

Abin da ba ka tambaya ba, shi na fi so ka duba. Minneapolis na da ɗimbin Somaliyawa, don haka masallaci da naman halal ba abin nema ba ne. Tun 2023 ma birnin ya halatta kiran salla da lasifika sau biyar. Houston kuwa cike take da 'yan Najeriya, za ka samu garin rogo da manja har da daddawa, ko da yake mafi yawansu 'yan kudu ne, mu Hausawa ba mu da yawa. A wajen sana'arka, ma'aikatan jinyar Minnesota suna da ƙungiya mai ƙarfi, su kusan 15,000 suka yi yajin aiki a Satumbar 2022, kuma albashinsu yakan ɗara na Texas. Ita kuma Texas tana cikin yarjejeniyar da ke ba ka damar aiki da lasisi ɗaya a jihohi da yawa, Minnesota ba ta ciki.

Da ni ne a matsayinka, in dai albashin Minneapolis ya fi na Houston da dala 5,000 ko sama, can zan fara, in saya wa yara rigunan sanyi masu kyau. In kuwa matarka tana da 'yar uwa ko aminiya a Houston, wannan kaɗai ya isa ya rinjayi lissafin. Ka turo min takardun kwantiragin biyu kafin ka sa hannu. Ina son ganin shekara nawa za su ɗaure ka, nawa za ka biya in ka bar aikin kafin wa'adi, da nawa za a riƙa cire maka duk wata na inshorar lafiyar iyali. Ka gaishe min da Inna.