Samfurin Hotteterre ko na Rottenburgh?

Ka tambaya wace sarewar zamanin barok (wani tsohon zamani na kiɗan Turai) za ka saya tsakanin samfurin Hotteterre da na Rottenburgh (sunayen tsofaffin maƙeran sarewa ne), tunda kiɗan Bach, mawallafin kiɗa na Jamus, kake son busawa. Malam, ɗauki Rottenburgh. Gaɓa huɗu ce, ƙirar da ta yaɗu bayan 1720, kuma masu ƙera ta yau galibi a 415 suke saita ta (ma'aunin tsayin sauti ne, wato sautin A yana kaɗawa sau 415 a daƙiƙa), daidai da yawancin makaɗan barok.

Ta Hotteterre gaɓa uku ce, mai faɗin ciki, a wajen 392 take, wato sautinta ya fi yin ƙasa. Muryarta ta ƙasa akwai kauri da zaƙi, ta dace da kiɗan fadar Faransa, amma da ka hau sama sai ta fara gardama, Bach kuwa ba ya tausayin mai busa. Sai dai in abokan kiɗanka a 392 suke, to magana ta canza.