Amsa: Me ya sa Deep Space Nine bai samu karɓuwa kamar The Next Generation ba?

Malam, ka ce ko rashin kyau ne ya hana mutane son Deep Space Nine, shirin talabijin na jerin Star Trek, a farko. A ganina lokacin da aka fito da shi ne ya cuce shi. An fara haska shi a Amurka a Janairun 1993, alhali wansa a jerin, The Next Generation, na kan ganiyarsa, sai 1994 ya ƙare. Mutane suka riƙa auna ƙane da wansa kowane mako, ga shi labarin na tashar sararin samaniya ce da ke zaune wuri ɗaya, babu jirgin da ke yawo. Kafin ya numfasa kuma, wani sabon shirin Star Trek, Voyager, ya shigo a 1995.

Sannan tashoshin talabijin daban-daban ne suka sayi Deep Space Nine, kowacce da lokacinta, kuma labarinsa a sarƙe yake: wanda kashi biyu suka wuce shi ya ɓata hanya. Mu nan Sakkwato mun san wannan, in an ɗauke wuta bayan Isha'i ai shiri ya tafi.

Dubi shirin Stargate Atlantis kuwa, na wani jerin daban: a 2004 an jera shi dare ɗaya da wansa Stargate SG-1, ranar Juma'a, masu kallo suka karɓe su tare. Ka kalli Deep Space Nine a jere, za ka fi jin daɗinsa.