Daga manomi zuwa mugu: kalmomin bauta da talauci a tsohon Turanci

Wani ɗalibi da ke karanta Turanci a Zariya ya aiko da wannan tambaya: "Malam, wai kalmar villain, wadda ake kiran mugun cikin fim da ita, asalinta manomi take nufi? To me ya haɗa noma da mugunta?"

Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, ɗana. Tushen kalmar Latin ne. A Latin "villa" gandun attajiri ne a karkara, "villanus" kuwa mutumin da ke zaune a gandun yana noma shi. Faransanci ya mayar da ita "vilain", sannan ta tsallaka Ingila bayan William na Nomandi ya ci ƙasar da yaƙi a 1066. A 1086 sarkin ya sa aka ƙidaya filaye da dabbobi da mutane don ya san abin da zai shiga baitulmali, aka tattara a kundin Domesday. Waɗannan manoma su ne rukuni mafi yawa a kundin, kusan kashi 40 cikin ɗari, bayi na sosai kuwa wajen kashi 10.

Kafin ƙarni na 13 ya ƙare doka ta riga ta ɗaure wannan manomi. Ba a saba kai shi kasuwa kamar bawa ba, amma in an sayar da ƙasar da yake kai, da shi aka sayar. Yana da kwanakin da zai yi wa ubangidansa aiki kowane mako kafin ya taɓa tasa gonar. In zai aurar da 'yarsa sai ya biya wani kuɗi da ake kira "merchet". In ya mutu, ubangidan ya zaɓi dabbar da ta fi kyau a garkensa, wannan shi ne "heriot". In yana son ya zauna a wani gari ya nemi na kansa, sai ya riƙa biyan "chevage" duk shekara. Bahaushen da ya ji labarin rinji daga bakin tsofaffi ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba: ga gandu, ga gayauna, ga kuma murgu, wato abin da bawa kan biya ubangidansa don a bar shi ya yi sana'arsa. Ba na cewa abu ɗaya ne, shari'ar kowace ƙasa daban take, amma kamar ta isa a lura da ita.

Yadda manomi ya zama mugu kuwa, ai ka san kalmar baƙauye. Asalinta mutumin ƙauye, shi ke nan. Amma yau in ɗan birni ya ce maka "kai baƙauye ne", ba garinku yake tambaya ba. Haka ta faru da "vilain": masu fada da masu alƙalami su ke rubutu, su ke waƙa, kuma a idonsu manomi ba shi da tarbiyya. Daga rashin tarbiyya aka koma rashin mutunci, daga nan aka kai ga mugunta. Tamu ta tsaya a ƙauyanci, tasu ta zarce. Daga baya ma sai aka raba rubutun gida biyu, "villein" ga manomin tarihi, "villain" ga mugu.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce "ceorl", kalmar da ta riga zuwan Faransanci. Wanda ake kira haka manomi ne ɗa, ba bawa ba, yana da gonarsa, yana da bakin magana a gaban shari'a. A dokokin Wessex, wata tsohuwar masarauta a Ingila, diyyarsa sule 200 ce, ta basarake kuwa 1,200. Yau jikarta "churl" ba ta nufin komai sai mutum mai kaushin hali. Abin dariya, daga tushen nan sunan Charles ya fito, sunan da sarkin Ingila na yanzu yake amsawa. Mu ma dai muna da manyan mutane masu suna Bawa.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambaya ko "slave" ita ce kalmar bawa a Turanci tun fil azal.

A'a, Malama, baƙuwa ce, sai wajen shekarar 1300 ta bayyana a rubutun Turanci. Kafin ita suna da "theow", suna da "thrall" da suka aro daga mutanen Sikandinebiya. Suna kuma da "wealh", wadda da fari take nufin baƙo, musamman Birtaniyawan asali da Anglo-Sakson, masu magana da tsohon Turanci, suka tarar a tsibirin, sannan ta koma nufin bawa saboda da yawansu an bautar da su. Daga gare ta sunan Wales ya samo asali, kin ga an mai da ɗan gida baƙo a ƙasar kakanninsa. Ita "slave" ɗin ma hanyarta ke nan: sunan al'ummar Silaf ne na gabashin Turai, waɗanda aka yi ta kamawa ana sayarwa har sunansu ya zama "sclavus" a Latin. Akwai kuma "neif", daga Latin "nativus", wanda aka haifa cikin bauta. Shi ne bacucane a Hausa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo a Kano take, kuma kan karin maganar nan ce: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yana son sanin ko Turawan dā suna da irin wannan tunani.

Baba, karin maganar tana nufin duk wanda ya karɓi abin hannun wani to ya ɗauki nauyin yi masa hidima, ko da hidimar ba ta da daɗi. Turawan dā ba su tsaya ga karin magana ba, cikin kalmomin sarautarsu suka dasa wannan tunani. "Lord" asalinta "hlaford", wato mai tsaron burodi. "Lady" kuwa "hlæfdige", mai kwaɓa burodi. Maigida da uwargida ke nan, masu riƙe da rumbu da tukunya.

Waɗanda ke cin abincin kuwa ba makoma ɗaya suka yi ba. "Cnafa" da "cniht" duka biyun yaro suke nufi, kuma kamar yadda muke cewa yaron wane ko da mutum ya yi furfura, haka su ma suka koma nufin bara. Na farko ya zauna a ɗakin girki da barga, ya zama "knave", ɗan damfara. Na biyu ya bi ubangidansa fagen yaƙi a kan doki, ya zama "knight", barde mai lambar girma, alhali ɗan'uwansa "Knecht" a Jamusanci har yau bara ne. Kai da kake Kano ba sai na yi maka dogon bayani ba, ka san Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, kuma a zamaninsu 'ya'ya da yawa sun durƙusa a gabansu.

Shi kansa mai cin ladan yana da suna a doka. A dokokin Sarki Ethelbert na Kent a Ingila, waɗanda aka rubuta wajen shekarar 600, ana kiran wanda ke zaune ƙarƙashin wani "hlafæta", mai cin burodi. Dokar ta ce in aka kashe mai cin burodin talaka, a biya sule shida.