Ina Tsofaffin Ɗaliban Sinadarai Suke Zuwa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji biyu a sashen kimiyyar sinadarai, kuma kullum ana faɗa mana cewa in ba koyarwa ba, babu aikin da ke jiranmu. Shin haka ne? Kuma shiga ƙungiyar ɗaliban sashenmu yana da amfani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, koyarwa takan ɗauki da yawa daga cikinku, amma ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana buƙatar masu gwada magunguna da abinci, haka ma kamfanonin siminti da na sabulu da na ruwan sha, waɗanda ba sa fitar da kaya sai an auna ingancinsu. Nan kusa da ke, a Basawa, akwai cibiyar binciken sinadarai ta NARICT.

Abin da ke bambanta masu neman aiki shi ne ƙwarewar hannu. Ɗalibar da ta iya tsayar da famfon buret, wato bututun gilashi mai awo da ke ɗigo da ruwan sinadari cikin kwalbar gwaji, daidai lokacin da ɗigo ɗaya ya mayar da ruwan kwalba ruwan hoda, ta kuma rubuta sakamakonta ba tare da kwafar na maƙwabciya ba, ta fi mai haddace littafi kawai.

Ƙungiyar kuwa ki shiga, ko da taronta kan ci lokaci. Can ne tsofaffin ɗalibai ke dawowa yin lacca, kuma sau da yawa ta hannunsu ake samun gurbi mai inganci na horon SIWES, wato koyon aiki da ɗalibai ke zuwa yi a ma'aikatu da masana'antu, inda za a bar ki ki taɓa na'ura, ba ki wuni kan benci ba.